Idan Gani Ya Sake Dushewa Bayan Aikin Yanar Ido

Jama'a, yanar ido ita ce babbar mai makantar da tsofaffinmu. An yi bincike a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007. Aka ga cikin makafi 100 masu shekara 40 zuwa sama, 43 ita ta makantar da su.

Yana kuwa tana da magani. Likita yakan cire ƙwayar idon da ta yi fari, ya sa ta roba cikin 'yar jakar da ta fito. Mutanenmu na Haɗeja da Auyo da Guri sukan je Kano don wannan aiki. Can akwai asibitin ido na ECWA, tun 1943.

To, bayan shekara ɗaya ko biyu, wani sai ya ga hazo ya dawo. Ya ce aiki ya ɓaci. A'a, bai ɓaci ba. 'Yar jakar nan ce ta yi dishi-dishi. Maganinta wani haske ne mai ƙarfi, ana ce masa lesa. Likita ya huda jakar da shi cikin 'yan mintoci. Ba yanka, ba zafi.

Amma mu lura. Can bayan ido akwai wani tantani. A kansa hoton abin da muke kallo yake sauka, kamar farin ƙyallen majigi. Bayansa kuma akwai shimfiɗar jijiyoyin jini. Ita ke ciyar da shi, kamar yadda kogin Haɗeja ke shayar da fadama. Ga yawancin mutane lesa ba ta cutar da su. Ga kaɗan kuwa, tsakiyar tantanin yakan kumbura, ko ya ɓalle daga mazauninsa. Masu ciwon sukari su fi kowa kula.

Ga alamun da za mu tsare: walƙiya cikin ido, baƙaƙen ɗigo masu yawa kamar ƙudaje, duhu kamar labule daga gefe, ko ciwo mai tsanani. Wanda ya ga ɗaya, ya koma asibiti ran nan. Kada ya ce sai an gama yankan shinkafa. Tantanin da ya ɓalle, in an daɗe, gyaransa da wuya.

Mu ɗiga maganin da likita ya bayar. Mu koma ranar da ya sa mana. Kada mu bari wani mai yawo kasuwa-kasuwa ya sa mana tsinke a ido. Wanda ya iya karatu, lalle ya karanta wa tsofaffin gidansu wannan.