Zuwa Ƙasar Waje Koyar da Yara Turanci: Abin da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani

Ɗalibin da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko Kwalejin Ilimi ta Maru ba zai rasa cin karo da irin wannan talla a waya ba: ana neman matasa su je wata ƙasa su koya wa ƙananan yara Turanci a lokacin hutu. Abin yana da jan hankali, kuma akwai na gaskiya a ciki. Amma kafin ka ce wa mahaifinka ya sayar da buhunan gero, ga abubuwan da ya kamata ka sani.

Irin wannan tafiya tsohuwar hanya ce. A 1958 aka kafa ƙungiyar VSO a Ingila, a 1961 kuma Shugaba Kennedy ya kafa Peace Corps a Amurka. Matasan waɗannan ƙungiyoyi sun koyar a makarantun Arewa bayan samun 'yancin kai. Nijeriya ma tana da nata shirin. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta kafa shirin TAC, wanda ke tura malamai da likitoci zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik na tsawon shekara biyu. Sai dai ƙwararrun da suka gama karatu suka goge da aiki ake ɗauka, ba ɗalibai ba.

Ga wanda yake makaranta har yanzu, ɗaya daga cikin hanyoyin da aka sani ita ce ƙungiyar ɗalibai ta AIESEC, wadda aka kafa a 1948, mai rassa a wasu jami'o'in Nijeriya. Tafiyarta kan ɗauki mako shida zuwa takwas. A nan ne ake yawan yin kuskure: aikin sa kai ba aikin albashi ba ne. Galibi kai za ka biya kuɗin rajista da fasfo da biza da jirgi, su kuma su ba ka masauki, wani lokaci da abinci.

Don haka duk wanda ya yi maka alƙawarin daloli da takardar zama, ya ce ka tura kuɗi cikin asusun wani mutum yau-yau, guje shi. Nemi sunan makarantar da za ka koyar, da takardar gayyata, da irin bizar da za a ba ka. Kada ka miƙa fasfonka ga kowa ya riƙe. Ɗalibai mata su ƙara kula, domin da irin wannan romon baka masu safarar mutane ke farauta. Idan ka ga alamar rashin gaskiya, hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane na nan don karɓar ƙorafi.

Sannan iya Turanci daban, iya koyar da yaro daban. Ɗan shekara shida ba ya jure dogon bayani. Da waƙa da wasa da hoto da maimaici ake shigar masa da karatu, a fara da sautin haruffa kafin a kai ga jimla. Yaron da ya iya karatu da harshen uwa ya fi saurin kama baƙon harshe. Kuma baƙon malami na mako shida ba ya maye gurbin malamin aji. Ya kamata ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya bar masa abin da zai ɗora a kai.

Batun harshen uwa ne ya sa ɗan Zamfara yake da abin da Bature ba shi da shi. A Maraɗi, inda Faransanci ya daɗe yana harshen makaranta, zai iya yi wa yaro bayani da Hausa. Haka ma a gida, inda buƙatar ta fi tsanani. Matsalar tsaro ta sa an rufe makarantun jihar a 2021 bayan sace ɗalibai a Jangebe da Kaya, kuma yaran karkara irin na Wanke da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu sun yi asarar karatu mai yawa. Wasunsu suna gudun hijira a cikin garin Gusau.

Idan hutu ya zo, je ka gaida hedimasta da mai unguwa, ka nemi izinin iyaye, ka tara yara kaɗan a inda hankali ke kwance, ka koyar da su awa ɗaya kullum bayan sun taso daga makarantar allo. Ka karɓi takardar shaida daga hedimasta, domin ƙungiyoyin waje kan tambayi abin da ka taɓa yi. Ɗalibi, idan da gaske kake son koyar da yara, fara da ƙannenka na Wanke a wannan hutun.