Faɗakarwa Ga Masu Jirgin Ƙasan Lambu A Kan Ƙona Injin Mararraba

A Ingila da Jamus akwai wata sha'awa da ta daɗe da kafuwa, wato mutum ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gidansa, tsakanin furanni da duwatsu, ya ɗora masa ɗan jirgin da lantarki ke ja. Ga na Bekonscot a garin Beaconsfield, wanda aka buɗe wa jama'a a 1929, ga kuma jiragen LGB da kamfanin Lehmann ya fito da su a Jamus a 1968, masu bin dogo mai faɗin milimita 45. Duk inda dogo ya rabu biyu akwai harsunan ƙarfe da ke karkata jirgi dama ko hagu, a gefensu kuma ɗan inji ne mai tura su in an taɓa maɓalli daga nesa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata mummunar ɗabi'a da ta zama ruwan dare tsakanin ma'abota wannan sha'awa, cewa idan harshe ya ƙi motsi sai mutum ya ɗora yatsa a kan maɓalli ya danne, ya yi ta dannewa yana sauraron gurnanin injin, in hakan bai yi ba ya sayo tiransifoma mafi ƙarfi, har sai ƙaurin roba ya tashi daga cikin ciyawa, sa'an nan ya juya yana zagin kamfani, alhali shi ne ya kashe abinsa da hannunsa. Wannan gafala ce, kuma israfi ne.

Alal haƙiƙa, da yawa daga cikin injinan nan, irin su PL-10 na kamfanin Peco, ba kome ba ne illa naɗin waya biyu da ɗan sandan ƙarfe a tsakani, wanda maganaɗisu ke fizga da zarar wuta ta shiga, kuma an ƙera su bisa sharaɗin wutar ta zo ta wuce cikin ƙiftawar ido. Fizgar da bai iya yi ba a karon farko, tsawon dannawa ba zai ƙara masa ita ba, sai ma ya rage ta, domin jan ƙarfe in ya yi zafi yana ƙara tare wuta. Ga shi wayar naɗin siririya ce, fentin da ya raba zagaye da zagaye ba ya jure zafi, robar da aka naɗa ta a kai kuwa in ta lanƙwashe sandan ya maƙale ke nan har abada. Mai ƙara ƙarfin wuta ma ya sani, in ya ninka ta sau biyu zafin da ke taruwa a naɗin sau huɗu yake ninkuwa. Tamkar mai dukan jaki ne a kan ya ƙi tafiya, bai duba ya ga dabaibayi a ƙafarsa ba.

Ɗaya daga cikin manyan sababan da ke hana harshe motsi shi ne doguwar waya siririya. A ce mararraba tana nesa da maɓalli mita 20, to wuta za ta yi mita 40 zuwa da dawowa, kuma waya mai kaurin murabba'in milimita 0.22, wadda ake amfani da ita a teburin ɗaki, za ta tare ta da om 3 da 'yan kai; in naɗin injin om 4 ne, daga bolt 16 da aka aika kimanin 9 ne za su isa. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 kuwa, a wannan nisa, ba ta kai rabin om ba. Yashi, da ganye, da tururuwa, da tsatsa su ma suna da nasu laifin.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kafin ka kwance kome, tura harshen da yatsa ka ji ko yana tafiya salin alin, ka share tsakuwar da ta shiga tsakani da tsohon buroshin haƙori, kada kuwa ka ɗiga mai, don ƙura yake tarawa, garin bakin fensir ya fi. Sa'an nan ka gwada injin da gajeriyar waya kusa da tiransifoma. In ya buga da ƙarfi a nan, lafiyarsa lau, waya za ka sauya. In ya mutu tabbas, yi wa kowace waya alama kafin ka cire ta, ka tsayar da harsuna a tsakiya, sandan sabon injin shi ma a tsakiya, kana ka ɗaure kusoshi, domin ɗan karkacewa kaɗan yana sa ya rufe gefe guda ya bar ɗayan a buɗe, jirgi ya zo ya sauka daga dogo.

Irin na Peco waya uku yake so, ɗaya ga kowane naɗi, ta uku ta tarayya ce. Na LGB biyu kacal, in ya tura harshe saɓanin yadda kake nufi sai ka musanya su. Wajibi ne makunnin ya zama mai komawa da kansa in an sake shi, kuma ga masu naɗi biyu babu abin da ya kai akwatin kafasita fa'ida, wanda ke tara wuta ya sake ta bugu ɗaya, bayan haka ko an danne ba abin da ke bi sai 'yar kaɗan. Injina masu tafiya a hankali irin Tortoise, waɗanda ake barin wuta a kansu kullum, na cikin ɗaki ne, ruwan sama ba ya raga musu.

Mahaɗin waya a liƙe shi da dalma, a sa masa rigar roba, a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kwanciya, wayar kuma ta bi cikin bututu don kada shebur ya datse ta. Amma wutar gida mai bolt 230, haram ne a ganina a kai ta bakin dogo inda yara ke tsugunawa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa: tiransifoma ya zauna a ɗaki busasshe, a bayan na'urar nan mai yanke wuta da ta ji yoyon miliamfiya 30, ƙaramar wuta kaɗai ce za ta fita lambu.