Zafin bazara: masu gyaran da ke cikin jikin dabba

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo na Magarya da Dungas, a watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40. Saniya tana haki, ta rage kiwo, nono ya ja baya. To me ke faruwa a cikin jikinta?

Jikin dabba an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A cikinsu akwai sinadarin furotin, wanda zafi ke ɓata wa siffa, kamar yadda ƙwai ke daskarewa a kan wuta. Sai jiki ya fito da wasu furotin na musamman, masu gyara abin da zafi ya ɓata. Masana na ce musu HSP. Wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, shi ya fara gano alamar aikinsu a jikin ƙuda a 1962. Shanunmu masu tozo, irin su Bororo da Azawak, sun fi na Turai jure zafi, amma juriya tana da iyaka. Bijimin da zafi ya gallaba kan yi wajen wata 2 kafin barbararsa ta koma daidai.

Ina haɗinsu da sankara? Masu gyaran nan ba sa tantance mai kyau da mugu. Ƙwayoyin sankara ma suna tara su da yawa don su rayu, shi ya sa masana ke neman maganin da zai hana su wannan aiki. A shanu, sankarar ido ta fi kama tsofaffi masu farar fatar ido, saboda hasken rana.

Abin yi:

1. A kora dabbobi kiwo da sanyin safiya da kuma bayan la'asar.
2. Da tsakar rana a kwantar da su a inuwa. Gawo yana da ganye a rani, kada a sassabe shi ƙaf.
3. A shayar da su su ƙoshi, musamman masu ciki da masu shayarwa.
4. In za a kai su kasuwar Maigatari ran Alhamis, kada a tafi da rana tsaka.
5. In kun ga farin tsiro ko gyambo a ido wanda ya ƙi warkewa, kada ku yi masa lalas. Ku kai wa ma'aikacin kiwo tun yana ƙarami, lokacin da ake iya cire shi.