Daga Ina Ƙamshin Masoro Ya Shiga Inabin Syrah?

A kudu da birnin Liyon na ƙasar Faransa, kogin Rhône yana ratsa wasu tuddai masu tsayi da gangara, inda manoma suka sassaƙe ƙasa hawa-hawa, suka tokare ta da katangar duwatsu, suna ɗaure kowace kurangar inabi a jikin sanda saboda iska. A nan ne, a Côte-Rôtie da Hermitage, ake noman baƙin inabin da ake kira Syrah, wanda jar giyarsa ta yi suna da ƙamshin masoro. Ba a zuba mata yaji ko ƙwaya ɗaya, kuma ba ta da zafin barkono a harshe. A ganina, wannan ƙamshi sanyin wurin ne ke fito da shi, fiye da duk labaran da ake jingina wa irin.

An daɗe ana cewa daga birnin Shiraz na Iran aka kawo wannan inabi. Gwajin ƙwayoyin halitta da Carole Meredith ta jami'ar Kalifoniya da ke Davis ta yi tare da masana na Montpellier a ƙarshen shekarun 1990 ya rushe zancen: iyayensa su ne Dureza da Mondeuse Blanche, duka 'yan kudu maso gabashin Faransa. Shi kuwa ƙamshin, a 2008 masu bincike a Ostireliya suka bayyana cewa wani sinadari ne mai suna rotundone, wanda ke cikin ɓawon 'ya'yan inabin tun suna kan kuranga. Shi ne dai ke ba baƙin masoro ƙamshinsa, kuma an fara gano shi ne a saiwar wata ciyawa 'yar uwar aya. Ƙarfinsa ya wuce misali, domin kashi 16 cikin biliyan na giram ɗaya a lita guda ya isa hanci ya ji shi.

Wani zai ce, tunda abin a jinin irin yake, ina ruwan wuri? Ostireliya ce ta ba da amsa. James Busby ya kai irin can a 1832, kuma yau a kwarin Barossa mai zafi giyar kan fito da kauri da ƙamshin 'ya'yan itacen da suka nuna luguf, masoron ya ja baya, alhali a tuddan Grampians masu sanyi yana fitowa fili. Har a gona ɗaya, nonon inabin da ganye ya lulluɓe ya fi wanda rana ke duka tara sinadarin. Masu cewa duk ruɗin masu ɗanɗano ne su ma suna da ɗan uzuri, don kusan mutum ɗaya cikin biyar hancinsa ba ya jin rotundone sam, komai yawansa.

Ga mai karatu Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, kuma wannan bayani bai taɓa shi ba. Amma sinadarin ya riga tsimi zuwa, aikin gona ne, shi ya sa ɗumamar yanayi ke damun manoman Rhône. Idan zafi ya sa inabi ya nuna da wuri, sai a girbe shi kafin ɓawon ya gama tara ƙamshin.