Gawar da Ba a San Mai Ita Ba a Otal ɗin Festac

A watan Yulin 2012 ma'aikatan wani otal a unguwar Festac ta Legas suka buɗe ɗaki suka tarar da gawar wata budurwa, an ɗaure hannuwanta, an toshe bakinta. Ba waya a tare da ita, ba katin shaida. Samarin da suka kama ɗakin sun yi layar zana. Aka kai ta ɗakin ajiye gawa ba tare da suna ba.

Can a Arewa kuwa iyalan Janar Frank Osokogu mai ritaya suna cigiyar 'yarsu Cynthia, ɗalibar digiri na biyu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, wadda take da shagon sayar da kaya. Ta tafi Legas sarin kaya, shiru. Sai da aka kwashe makonni kafin cigiyar ta haɗu da gawar.

To, wa ya kai ta ɗakin? Nan 'yan sanda suka bi sawun kiran waya, suka haɗa da hotunan kyamarar tsaro ta otal, har suka kama Okwumo Nwabufo da Olisaeloka Ezike. A Facebook Nwabufo ya san ta. Watanni ya yi yana hira da ita har ta saki jiki, ya yi mata alkawarin kaya masu araha, ya biya mata kuɗin jirgi daga Abuja.

Yadda suka fi ƙarfinta shi ne abin da ya kamata budurwar Tiga ko Kiru ta sani, wadda wani "Alhaji" na waya ke cewa ta shigo Kano su gaisa. Ƙwayar Rohypnol suka zuba mata a abin sha, mai kashe jiki ta kuma goge tunanin abin da ya faru, shi ya sa masu fyaɗe ke sonta. Zance a ƙofar gida, duk da gulmar unguwa, yana da shaidu: ƙani na leƙe, an san gidan su yaro. Na waya ba wanda ya gani.

Bayan kamun, wasu matan suka fito suka ce su ma haka aka yi musu, suka kuɓuta, suka yi shiru don kunya. A watan Maris na 2017 Mai Shari'a Olabisi Akinlade ta Babbar Kotun Legas ta yanke wa mutanen biyu hukuncin kisa ta hanyar rataya.