Maguɗi a Wasan Hamster Kombat da Illarsa ga Rabon Jama'a

A shekarar 2024 samarin Kazaure, kamar takwarorinsu na Kano, sun duƙufa ga Hamster Kombat, watau wasan nan na Telegram da ake tara maki ta hanyar latsa fuskar waya. To, da yake sulallan da aka keɓe domin rabo ƙayyadaddu ne, duk wanda ya buɗe asusu barkatai, ko ya sa manhaja ta riƙa latsa masa, kason 'yan'uwansa ya zaftare. Gabanin rabon ranar 26 ga Satumba, mamallakan wasan sun soke asusu miliyan 2.3 bisa zargin maguɗi. Duk da haka, abin da akasarin jama'a suka samu bai taka kara ya karya ba, domin yawan maki ba shi ne yawan dukiya ba.