Ba Karya Girman Kai Ne Maganin Mai Shan Hodar Iblis Ba

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisu da zaurukan gidaje: wai duk wanda ya faɗa shan hodar iblis, girman kai ne ya kai shi. Akan ce ɗan gata ne da aka sangarta, yana ganin ya fi kowa, don haka maganinsa a kunyata shi a gaban dangi, a nuna masa shi ba kowa ba ne. Yawancin masu wannan ra'ayi iyaye ne da 'yan'uwa da abin ya ci wa rai, kuma ba daga sama suka tsinci maganar ba. Sun ga ɗansu yana cika baki, yana raina na gaba da shi, yana shirga ƙarya ido da ido. Ina girmama raɗaɗin da suke ji, amma ina da ja a kan hukuncin da suka yanke, domin idan aka yi kuskuren gane ciwo, sai a yi kuskuren magani.

A fara da gaskiyar da ke cikin maganarsu. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wani hali da suke ɗauka a matsayin cuta, wato matsanancin ji-da-kai: mutum ya riƙa ganin kansa na musamman ne, yana ƙishirwar yabo, ba ya jin zafin kowa, yana amfani da mutane don biyan buƙatarsa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin kundinta na cututtuka a 1980. Wani babban bincike da aka wallafa a can a 2008, wanda ya ƙunshi manya sama da 34,000, ya gano cewa kimanin kashi 6 cikin 100 suna da wannan cuta, kuma ta'ammali da kayan maye ya yawaita a cikinsu. Ke nan alaƙa tana nan. Sai dai alaƙa daban, sanadi daban.

Abu na farko da ake mantawa shi ne hodar kanta tana haifar da girman kai. A ƙwaƙwalwa akwai sinadarin dofamin, wanda ke sa mutum jin daɗi da jin ya yi nasara. A ƙa'ida, idan ya gama aikinsa sai jijiyoyi su janye shi. Hodar iblis tana toshe hanyar janyewar, sai sinadarin ya taru fiye da kima. Nan take mutum zai ji ƙarfi da kaifin baki, ya ji babu wanda ya kai shi. Wanda ya shaƙa, wannan yanayi yakan ɗauke shi minti 15 zuwa 30. Wanda ya zuƙi hayaƙinta, minti 5 zuwa 10 kacal. Daga nan sai kasala da ƙunci da saurin fushi su biyo baya. Idan jaraba ta kama shi, tunaninsa yakan taƙaita ga yadda zai samu wata, sai ƙarya da yaudara da rashin tausayi su bayyana ko ga wanda a da aka san shi da kunya da biyayya. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ta gindaya sharaɗi: ba a cewa mutum yana da cutar hali idan maye ne ya jawo abin da ake gani, kuma dole halin ya zama daɗaɗɗe, tun tasowarsa. Iyaye su tambayi kansu: yaya ɗan nan yake kafin ya fara? Sau da yawa amsar za ta nuna cewa girman kan da ake zargi ɗan hodar ne, ba ubanta ba.

Abu na biyu ya fi zurfi. Ko inda ji-da-kan ya riga hodar zuwa, sau da yawa rufi ne a kan rauni. Masana sun bambanta mai taƙama a fili da mai taƙamar da ke ɓoye jin ƙasƙanci, wanda ƙaramar suka takan hana shi barci. A 1985 Edward Khantzian, likitan ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ya gabatar da ra'ayin cewa masu jarabar ƙwaya da yawa magani suke nema wa wani ciwon zuciya, kuma hodar iblis takan ja masu fama da ƙunci da raina kai domin tana ɗaga su na ɗan lokaci. Tarihin Sigmund Freud ya nuna haka. Yana matashin likita a birnin Biyana, ya rubuta maƙalar yabon hodar a 1884, kuma wasiƙunsa sun nuna yakan sha kaɗan kafin ya shiga taron manya a Faris don bakinsa ya buɗe. Mutumin da ya yarda da kansa da gaske ba ya buƙatar hoda kafin ya yi magana a gaban jama'a. Ernst von Fleischl-Marxow, abokin Freud, wanda Freud ɗin ya ba shawarar amfani da ita don ya rabu da jarabar mofin, ya ƙare da jaraba biyu, ya rasu a 1891.

Ga wanda ke cikin wannan hali, abin zagaye ne. Yana jin shi ba komai ba ne, sai ya sha ya ji ya zama wani. Maye ya sake shi, ya ga kuɗin da ya salwantar da amanar da ya ci, kunya ta ninka. Hanyar da ya sani ta gudun kunyar ita ce ya koma. To, wanda ya ƙara masa wulaƙanci, me ya ƙara masa in ba dalilin komawa ba?

Abu na uku, hodar iblis ba ta zaɓar masu taƙama ko 'ya'yan masu kuɗi. A shekarun 1980, nau'inta mai arha da ake zuƙa ya ɗaiɗaita unguwannin talakawa a biranen Amurka. A Sawo Polo ta ƙasar Barazil akwai yankin da aka san shi da taron masu shanta, akasarinsu marasa matsuguni. Bincike ya danganta jarabar da abubuwa da dama: baƙin ciki mai tsanani, gaggawar aikata abu ba tunani, cin zarafi a ƙuruciya, gado, abokai, da sauƙin samu. Wannan na ƙarshe ya shafe mu, domin Afirka ta Yamma ta zama hanyar safarar hodar daga Kudancin Amurka zuwa Turai. A watan Satumban 2022 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama tan 1.8 na hodar a Ikorodu ta Jihar Legas, kuma duk inda kaya ke wucewa, wani abu yakan zube.

Sannan maganin kunyatarwa ba sabon abu ba ne, an gwada shi. A 1958 aka kafa cibiyar Synanon a Kalifoniya, inda ake zaunar da mai jaraba a tsakiya ana yi masa ruwan zagi da sunan rushe girman kansa. Cibiyar ta rikiɗe ta zama ƙungiyar zalunci da tashin hankali, daga baya ta rushe. A 1993 William Miller da abokan aikinsa a Jami'ar New Mexico suka wallafa bincike a kan mashaya giya, suka ga cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ya tsananta fito-na-fito da mutum, gwargwadon yadda shansa ya ƙaru bayan shekara. Mu ma shaida ne: a 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da kyakkyawar niyya.

Har yanzu babu wata ƙwaya da aka amince da ita a matsayin maganin jarabar hodar iblis. Abin da ya fi nuna tasiri shi ne tsarin da Stephen Higgins ya gwada a Jami'ar Vermont a farkon shekarun 1990: a riƙa gwada fitsari, duk lokacin da ya fito babu hoda a ba mutum lada, ladan yana ƙaruwa da ɗorewarsa. Akwai kuma zaman koyar da mutum gane abin da ke tayar masa da sha'awa da yadda zai kauce masa, da tattaunawar da ke zaƙulo niyyar dainawa daga bakinsa shi kansa. Duk waɗannan gina mutum suke yi da nasarar gaske, har ya daina neman ta bogi.

Kada a fahimce ni da cewa a lallaɓa mai laifi. A hana shi kuɗi, a daina rufa masa asiri kan sata, a kare matarsa da 'ya'yansa, a faɗa masa gaskiya ko da ɗaci. Amma tsawatarwa daban, tozartawa daban. Ya zo a Sahihul Bukhari cewa an sha kawo wani sahabi saboda shan giya, aka hukunta shi, amma da wani ya la'ance shi, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa.

Ya ku iyaye da 'yan'uwa, idan wannan jarrabawa ta shigo gidanku, ku kai ɗanku wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Jihar Sakkwato. Ku bar likita ya tantance ko halin nasa ne ko na hoda, ku tsaya masa da gaskiya da haƙuri, ku kuma kame bakinku daga wulaƙanta shi. Allah Ya shirya mana zuri'a.